Wayata na nuna mini inda nake, me ya hana GPS saukar da jirgin yaƙi cikin hazo?

Tambaya: Malam, wayar hannuna tana nuna mini inda nake tsaye, har da gefen titin da nake. An ce kuma sojoji ne suka ƙera GPS tun asali. To me ya sa har yanzu nake jin ana saukar da jiragen yaƙi da radar da tsofaffin na'urorin rediyo idan hazo ya rufe gari? Kuma gaskiya ne akwai jiragen da tauraron ɗan'adam ke saukarwa a kan jirgin ruwa?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, akwai su. Rundunar sojan ruwan Amurka tana da wani tsari da take kira JPALS, wanda ke yi wa jiragen F-35 jagora su sauka a kan jirgin ruwa da siginar GPS, dare ko rana, da hazo ko babu. A watan Mayun 2021 aka bayyana cewa ya fara aiki a hukumance. Amma dubi tazarar da ke tsakani: a 1978 aka harba tauraron GPS na farko, a 1995 aka ce taurarin sun cika sun kama aiki, sannan sai da aka ƙara shekara 26 kafin a kai ga wannan matsayi. Wannan jinkirin shi ne ainihin abin da kake tambaya, kuma ba rashin kuɗi ko rashin masana ne ya jawo shi ba.

Wayarka tambaya ɗaya take yi wa taurarin: ina nake? In ta kuskure da mita 10, sai ka ɗaga kai ka hangi ƙofar da kake nema, ka yi tsaki ka ƙarasa. Jirgin da ke gangarowa cikin gajimare da gudun kilomita 250 a awa ba shi da wannan gatan. Shi tambaya biyu gare shi: ina nake, sannan in amsar da aka ba ni ƙarya ce, wa zai gaya mini, kuma cikin sakan nawa? Ta farkon an daɗe da gamawa da ita. Ta biyun ce ta cinye shekarun.

Bari mu fara da abin da masu harkar jirage ke nufi da saukar daidaito. Ita ce wadda na'ura ke nuna wa matuƙi abu biyu a lokaci guda: ko ya karkace dama ko hagu daga tsakiyar titin sauka, da kuma ko ya yi sama ko ƙasa da gangaren da ya kamata ya bi, wanda yawanci digiri 3 ne. Yana bin wannan layin da ba a gani har zuwa wani tsayi da aka ƙayyade. Irin wannan saukar an kasa ta matakai uku. A mataki na farko ƙafa 200 ne, wato mita 60 daga ƙasa. In ya isa nan ya ga fitilun titi, ya sauka. In bai gani ba, babu shawara, wuta zai ba inji ya tashi. A mataki na biyu ƙafa 100 ne, a na uku kuwa ƙasa da haka. Idan babu mai nuna sama da ƙasa, matuƙi ne ke ta lissafi da agogo da taswira yana sauka hawa-hawa, kuma irin wannan saukar ta ci rayuka da dama. A ranar 3 ga Afrilun 1996 wani jirgin sojan saman Amurka ƙirar CT-43 ya daki dutse kusa da Dubrovnik a Kuroshiya yana bin tsohuwar tashar rediyo mai nuna shiyya kawai. Mutum 35 suka mutu, har da sakataren kasuwancin Amurka na lokacin, Ron Brown.

Tsofaffin na'urorin da ka ambata guda biyu ne manya. Ta farko, wadda ake kira ILS, tana harba sigina daga bakin titi, mai ɗauke da amo biyu, ɗaya mai bugu 90 a sakan, ɗaya 150. In ƙarfinsu ya zo daidai a na'urar jirgi, to yana kan layi. Wata eriyar a gefen titi tana yin irin wannan don gangare. Abu ne mai sauƙi, kuma an amince da shi a duniya tun 1949. Aibinsa ga soja shi ne nauyin jiki: kowane bakin titi sai an kafa masa nasa, yana son shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a gabansa don da ita siginar gangaren ke haɗuwa, babban gini ko jirgin da ya gitta na iya karkatar da shi, kuma sai wani jirgin awo ya zo ya yi ta kai-komo kafin a ce a yi amfani da shi. Sojan da ya kama wani fili jiya da dare, yana so jiragen kaya su fara sauka gobe, ba shi da wannan lokacin.

Ta biyu radar ce ta sauka, wadda Luis Alvarez da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ita ce kuma ta riƙe jigilar kayan da aka yi zuwa Berlin ta sama a 1948 da 1949 cikin hazon hunturu. A nan jirgi ba ya buƙatar komai sai rediyo. Wani jami'i ne ke zaune a ɗaki mai duhu, gabansa allo mai rabi biyu, na sama yana nuna tsayi, na ƙasa yana nuna dama da hagu, ga ɗigon jirgin yana rarrafowa. Shi kuma yana magana ba tsayawa, murya ba hawa ba sauka: kana kan gangare, ka ɗan yi sama, dawo ƙasa a hankali, karkata hagu digiri biyu, saura mil uku, kana kan layi. An ma riga an gaya wa matuƙi kada ya amsa, ya dai saurara, in kuma ya ji shiru na sakan biyar, to ya ɗauka magana ta yanke, ya tashi. Wanda ya taɓa zama kusa da ƙwararre yana wannan aiki ba ya raina shi. Amma jirgi ɗaya jami'i ɗaya ne, horar da su na ɗaukar lokaci, kuma radar ɗin da ke haska jirginka tana shelanta wa abokin gaba inda filinka yake.

To ga GPS, me ya hana a jefar da waɗannan duka? Taurarin suna kusan kilomita 20,200 a sama, kowanne ɗauke da agogon atom, yana ta faɗin lokaci da inda yake. Na'urar karɓa tana auna daɗewar da saƙon ya yi a hanya, ta mayar da shi nisa. Da taurari huɗu sai ta fitar da wuri da lokaci. Da yake saƙon da gudun haske yake tafiya, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan mita 300 ne a ƙasa. Agogon tauraro na ɗan zamewa, wurin da ya ce yana nan ba daidai yake ɗari bisa ɗari ba, iskar sama tana rage wa saƙo gudu, wani saƙon ma sai ya bugi bango ko ruwa kafin ya iso eriya. In aka tara, GPS tsurarsa na kuskuren 'yan mitoci. Mafi muni, kuskurensa a tsaye ya fi na kwance, sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Dalili kuwa, taurari suna gabas da yamma da kudu da arewa suna gyara wa juna awo, amma babu ko ɗaya a ƙarƙashinka, duniya ta tare su. Tsayi kuma shi ne ginshiƙin sauka.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna maka. A gangaren digiri 3, kowace mita ɗaya ta kuskuren tsayi tana gusar da inda taya za ta taɓa ƙasa da mita 19. Kuskuren mita 5, wanda ba ka ko lura da shi a waya, ya kusa mita 100 ke nan. A dogon titi mai kilomita 3 ana iya haƙuri da wani abu daga ciki. A kan jirgin ruwa kuwa babu wannan zancen, za mu zo nan.

Dabarar gyara tsohuwa ce, masu safiyo sun riga matuƙa saninta. Ka dasa na'urar karɓa a wurin da aka auna aka san shi har zuwa santimita. Tunda ta san inda take, duk abin da tauraro ya gaya mata sai ta gane yawan ƙaryar da ke ciki. Sai ta aika wa jirgi ta rediyo: tauraro kaza ka rage masa mita kaza, kaza ka ƙara masa. Jirgin da ke kusa da ita kusan hanya ɗaya saƙonsu ya biyo, don haka kuskurensu ɗaya, gyaran sai ya share shi, a koma ƙasa da mita ɗaya. Wannan ne farar hula ke kira GBAS. Tasha ɗaya mai eriya uku ko huɗu tana wadatar da duk titunan filin jirgi, kuma tare da gyaran tana aika siffar gangaren kanta a matsayin lambobi, ka ga ana iya canza shi ba tare da an tono ko ƙusa ɗaya ba. Bremen a Jamus da Newark a Amurka sun fara aiki da ita a 2012, Frankfurt da Sydney suka biyo a 2014. Akwai kuma mai faɗin nahiya, inda gyaran ke saukowa daga wani tauraron: WAAS a Amurka tun 2003, EGNOS a Turai tun 2011 don jirage. Tun a 1994 ma masu bincike na Jami'ar Stanford suka sa wani Boeing 737 ya sauka da kansa sau 110 a Kalifoniya da siginar GPS. Daidaito dai bai taɓa zama inda gizo ke saƙar ba.

Inda yake saƙar shi ne aminci. Ƙa'idar mataki na farko ta ce yiwuwar na'ura ta ba matuƙi bayanin da zai halaka shi ba tare da ta yi gargaɗi ba kada ta wuce sau 2 cikin sauka miliyan 10, kuma in abu ya lalace, gargaɗin ya iso cikin sakan 6. Kada ka ga sakan 6 kamar wasa, jirgin ya ci mita 400 gaba, ya sauko sama da mita 20. Yadda ake yi shi ne, kwamfutar jirgi ba wurin da take kawai take lissafawa ba, tana kuma zana wa kanta shinge: na tabbata ainihin inda nake bai fita daga cikin nan ba. In shingen ya buɗe ya wuce mita 10 a tsaye ko mita 40 a kwance, sai ta ɗaga tuta ta janye jagora, ko da a gaskiya kuskurenta taƙi ɗaya ne. Wahalar ita ce tabbatar wa hukuma cewa shingen ba ya ƙarya. ILS in ta lalace, a bakin titi ta lalace, ga na'urar sa ido a gabanta, nan take ta kashe ta. Shi kuwa tauraro yana can inda hannunka ba ya kai, wasu ne ke tafiyar da shi, saƙonsa kuma ya ratso sararin da ba kowa ke da iko da shi ba.

Kuma an ga abubuwa. A 1993 aka gano wani tauraro, mai lamba SVN 19, yana fitar da sigina mai gurɓatacciyar siffa. Na'urori iri daban-daban kowacce da yadda take karanta shi, don haka gyaran da tashar ƙasa ta aika bai dace da abin da na'urar wani kamfanin ke gani ba, kuskuren tsayi ya kai mitoci, babu wanda ya yi ƙara. Tun daga nan kowace tashar sauka sai da mai duba siffar sigina. Na biyu ya fi tayar da hankali. Akwai wani sashe na sararin sama, ayonosfiya, daga kusan kilomita 60 zuwa 1,000, inda hasken rana ke caza iska, shi ne ke jinkirta saƙon taurari. A ranakun lafiya bambancin jinkirin tsakanin wuri da wuri milimita kaɗan ne a kowace kilomita. A ranar 20 ga Nuwamban 2003, bayan wata guguwar rana, aka auna sama da milimita 400 a kilomita ɗaya a sararin jihar Ohayo. Jirgin da ke kilomita 6 daga tasha zai iya samun kuskuren mita biyu da wani abu a awon tauraro ɗaya, kafin lissafin tsayi ya ninka shi, ita kuwa tashar ba ta ga komai ba, don hargitsin sararin bai iso kanta ba tukuna. Wannan rana guda ta sa aka sake zaman lissafin GBAS na shekaru. Ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya abin ya fi yi musu tsanani, Brazil ta kafa tashar gwaji a Rio de Janeiro ta tarar cewa lissafin da aka yi da sararin Amurka bai rufe nata ba, musamman bayan faɗuwar rana.

A nan soja yana da rinjaye ɗaya. Tun farko GPS zango biyu yake watsawa, L1 a megahaz 1575.42 da L2 a 1227.60, kuma rufaffen saƙon soja yana kan duka biyun. Ayonosfiya ba ta jinkirta su daidai da juna, don haka mai jin biyun yana iya auna jinkirin da kansa ya cire. Jiragen farar hula shekara da shekaru da ɗaya suke aiki, sai yanzu zango na L5 ke shigowa.

Wani abin da littafi ba ya koya wa mutum sosai shi ne wurin dasa eriya. Na taɓa ganin tashar gwaji da komai nata lafiya, amma kullum a kusan lokaci ɗaya sai awon tauraro guda ya fara rawa na 'yan mintoci, gobe kuma ya riga na jiya da minti huɗu. Minti huɗun nan ne ya tona asiri, domin taurarin GPS suna komowa wuri ɗaya a sama kowace rana da saurin kusan minti huɗu. Rufin kwano ne na wata rumfar jirage yake mayar da saƙon kamar madubi. Aka matsar da eriyar, magana ta mutu. To ka riƙe wannan a ranka, ka tuna jirgin ruwan yaƙi ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa, kewaye da ruwan gishiri, ga radar iri-iri suna ta harbi a kan hasumiya ɗaya.

Yanzu mu hau jirgin ruwan. Wurin sauka a kan manyan masu dakon jiragen yaƙi na Amurka igiyoyin ƙarfe ne uku ko huɗu a gicciye, tsakanin kowacce da 'yar'uwarta kusan mita 12. Jirgi na zuwa a gangaren digiri 3.5, da ƙugiya a wutsiya, ba ya sassautawa kamar na fasinja, dukan doron yake yi, kuma da taɓawa matuƙi ke ba inji wuta gaba ɗaya, don in ƙugiya ta kuskure ya samu ya tashi. A wannan gangaren, santimita 75 na tsayi igiya ɗaya ce cur. In ka yi sama da mita biyu ko uku, ka tsallake su duka. In ka yi ƙasa da mita huɗu, bakin jirgin ruwan ka daka. Sannan titin kansa gudu yake, yana iya kai kilomita 50 a awa, an kuma karkatar da shi kusan digiri 9 daga tsakiyar jirgin, ka ga kullum zamewa yake yi dama. In teku ta tashi, ga shi yana sama da ƙasa, yana tangaɗi, yana sunkuyawa.

Saboda haka tambayar ta canza. Babu ruwan kowa da inda jirgin sama yake a taswirar duniya. Abin da ake so shi ne tazarar da ke tsakanin bakin ƙugiya da wani ɗigo a kan doron, a wannan sakan ɗin. Tashar gyara tana kan jirgin ruwa, tana tafiya tare da shi, don haka maimakon gyara kawai, awonta take aika wa jirgin sama, shi kuma ya haɗa da nasa ya fitar da tazarar. Don a sauko daga mita zuwa santimita, ba saƙon lokaci kaɗai ake karantawa ba, igiyar rediyon da ke ɗauke da shi ake ƙirgawa. Igiyar L1 daga tudu zuwa tudu santimita 19 ce, kuma na'ura na iya sanin inda take a cikin tudu ɗaya har zuwa milimita kaɗan. Matsalar, kamar tef ɗin awo ne mai zane daki-daki amma an goge lambobinsa: ka san kana rabin zane, ba ka san zane na nawa ba ne. Gano wannan adadin ga kowane tauraro shi ne aikin. In ka yi kuskuren tudu ɗaya, amsar za ta fito sumul, ba rawa ba gargada, alhali karkatacciya ce. Masu safiyo suna amfani da wannan dabara kullum, in ta ba su shirme su dawo gobe su sake awo. Jirgi sai an tabbatar da adadin kafin ya iso kusa, da tabbacin da ya kai na sau ɗaya cikin miliyoyi.

Ba a gama ba. Eriyoyin suna can saman hasumiya, igiyoyin ƙarfen kuwa suna ƙasa, can baya, mita da dama tsakaninsu. In jirgin ruwan ya karkata digiri ɗaya, abin da ke nisan mita 50 ya gusa da kusan santimita 87, ya fi santimita 75 ɗin nan na igiyar ƙarfe ɗaya. Shi ya sa ake haɗa tsarin da na'urorin jin motsi, masu auna juyi da girgiza sau da yawa a sakan, su mayar da awon eriya zuwa wurin taɓawa. Su ne kuma ke taimakawa a rarrabe tafiyar jirgin ruwa da rawarsa, kada jirgin sama ya yi ta bin kowace igiyar ruwa tun yana nesa. Duk wannan yana tafiya ta rufaffiyar hanyar rediyo ta UHF. Daga nisan mil 200 na teku tana gaya wa matuƙi inda jirgin ruwansa yake, a mil 60 su fara magana da juna har masu kula da zirga-zirga su riƙa ganinsa, a mil 10 na ƙarshe jagorar sauka ta kama. Daidaiton da kamfanin Raytheon mai ƙera shi ke faɗa kusan santimita 20 ne.

Kada ka ɗauka GPS ne ya fara saukar da jirgi da kansa a teku. Tun ranar 12 ga Agustan 1957 radar ta saukar da wani jirgi ƙirar F3D a kan jirgin ruwan USS Antietam, jikanta kuma, SPN-46, tana nan tana aiki. Sai dai jirgi biyu kawai take riƙewa a lokaci guda, ruwan sama mai ƙarfi na raunana ta, kuma tana da hayaniyar da jirgin ruwan da ke son ɓuya ba ya so. A Afrilun 2001 wani F/A-18 ya sauka da kansa a kan USS Theodore Roosevelt da GPS. Ranar da na fi so a tarihin nan ita ce 10 ga Yulin 2013. Jirgi marar matuƙi X-47B ya kama igiya a kan USS George H. W. Bush, ya tashi, ya sake kamawa. A zuwa na uku sai ya gano matsala a ɗaya daga cikin kwamfutocinsa uku na sanin hanya, ya fasa, ya tafi ya sauka a tudu, a tsibirin Wallops na jihar Bajiniya. Wasu sun ɗauki na ukun a matsayin cikas. A wurina shi ne ya fi biyun farko daraja, domin abin da aka shekara ashirin ana nema ke nan: na'urar da ta san lokacin da bai kamata a yarda da ita ba.

Shi kansa shirin JPALS ya sha wuya. Da farko an so ya zama na kowa da kowa, sojan sama da na ƙasa da na ruwa, ya maye gurbin ILS da radar a duk filayensu. Amma hukumar jiragen farar hula ta Amurka ba ta bar ILS ba, jiragen soja kuma dole su iya sauka a filayen farar hula, sai sojan sama ya ga babu dalilin ya kashe kuɗin sauya dubban jirage. Da aka cire ɓangaren tudu, yawan abin da za a saya ya ragu, kuɗin kowane ɗaya ya yi tsalle har ya keta iyakar da dokar majalisa ta sa, a 2014 aka sake wa shirin fasali ya koma na teku. A 2018 ya fita aiki da jiragen F-35B a kan USS Wasp. Birtaniya ta sa shi a HMS Queen Elizabeth, Italiya a Cavour. A tudu kuwa, abin da sojan saman Amurka ya saya don filayen wucin gadi ILS ce mai naɗewa a ɗauka a jirgin kaya. Wannan kaɗai ya amsa rabin tambayarka.

Sauran rabin abokin gaba ne. Saƙon GPS in ya iso ƙasa ya fi hayaniyar da na'urar karɓa ke yi da kanta rauni, da dabarar lissafi ake tsamo shi. Ƙaramar na'urar toshiya mai ƙarfin wat ɗaya na iya kurmantar da na'urorin farar hula a kilomita da dama. Tashar Newark ta yi ta ɗaukewa tun ana gwajinta, da aka bi sawu sai aka tarar masu motoci ne a babbar hanyar da ke gefen filin, ɗauke da 'yan na'urorin da ake soka wa a wurin kunna sigari don kada mai gida ya san inda motarsa take. A 2013 an ci tarar wani direba kusan dala 32,000 a kan haka. Wannan fa ba da niyya ba ne. Da niyya kuwa, a ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa Tartu a Estoniya wata guda, saboda toshiyar GPS a yankin, kuma hanyar sauka a filin ta dogara da shi. Sai da aka samar da hanyar da ke aiki da na'urorin ƙasa suka koma. Ka lura, gyaran da tasha ke aikawa ba ya maganin toshiya ko kaɗan. In jirgi ba ya jin tauraro, babu abin da za a gyara.

Soja na da garkuwa uku. Saƙonsa a kulle yake, tsohon P(Y) da sabon M, don haka da wuya a ƙera masa na jabu kamar yadda masu bincike na Jami'ar Texas suka yaudari wani jirgin ruwan shaƙatawa a 2013 suka kauce da shi daga hanya ba tare da na'urorinsa sun yi ƙara ba. Sai eriya mai ƙwayoyi da yawa, sau tari bakwai, wadda ke gane ta inda hayaniya ke zuwa ta toshe kunnenta ta wannan shiyyar, ta bar shi a buɗe ta wajen taurari. Sai na'urar jin motsi ta cikin jirgi, wadda ba ta sauraron kowa. Ita in aka bar ta ita kaɗai tana zamewa kusan mil ɗaya a awa, amma a cikin 'yan sakanni tsaf take, tana iya riƙe jirgi in sigina ya yanke na ɗan lokaci, tana kuma tona asirin siginar da ya fara jan jirgi inda jikinsa bai ji ya tafi ba. Duk da haka akwai ciniki a ciki: eriyar da ke murɗa kunnenta don kauce wa toshiya tana ɗan murɗa igiyar da ake ƙirgawa, santimitocin da ake taƙama da su kuma a nan suke. Sai an auna wannan an cire.

Ra'ayina, wanda ya ce maka tauraro zai kori radar da ILS daga filayen soja nan kusa, bai zauna da masu tsara yaƙi ba. Ranar da aka fi buƙatar saukar da jirage cikin duhu, mai ya kusa ƙarewa, wasu da rauni a jiki, ita ce ranar da abokin gaba zai kunna duk abin toshiyar da ya mallaka. Shi ya sa jirgin ruwan da ke ɗauke da JPALS bai sauke radar ɗinsa ba, bai kashe fitilar nan ta gefen doro da matuƙa ke kira ƙwallo ba, mai nuna musu gangare da ido a sakanni na ƙarshe. Jami'in sauka ma yana nan tsaye a gefen wutsiyar jirgin, iska na dukansa, rediyo a kunne, hannunsa a sama riƙe da makunnin jajayen fitilu, in ya danna dole mai zuwa ya tashi ko da kwamfuta ta rantse komai daidai ne.

Inda za a ga iyakar abin shi ne MQ-25, jirgin da Boeing ke ƙera wa sojan ruwa don shayar da jirage mai a sama, wanda samfurinsa ya ba wani F/A-18 mai a watan Yunin 2021. Babu mutum a cikinsa. Matuƙin F-35 in jagorar tauraro ta ɗauke masa a mil ɗaya, zai ɗaga ido ya nemi ƙwallo, ko ya ce a yi masa magana ta radar. MQ-25 ba shi da idon da zai ɗaga, ba shi da kunnen jin jami'i yana cewa ka ɗan yi sama. Da JPALS aka tsara zai riƙa komawa kan doro, a tsakiyar jerin jirage masu mutane, kowanne da tazarar kusan minti ɗaya tsakaninsa da na gabansa.